Komawa Bakin Aiki Bayan Tiyatar Bawul ɗin Zuciya

A Turai, yawancin waɗanda ake sauya wa bawul ɗin zuciya, wato ƙofar da ke hana jini komawa baya, tsofaffi ne da suka riga suka yi ritaya. A nan wajenmu abin ba haka yake ba. Ciwon maƙogwaron da yaro ya yi yana ɗan firamare, ba a ba shi maganin da ya dace ba, shi ne yakan rikiɗe ya zama zazzaɓin da ke kumbura gaɓoɓi, ya bi ya lalata ƙofofin zuciya a hankali, musamman bawul ɗin hagu da likitoci ke kira mitral. Sai mutum ya kai shekara 20 ko 30 numfashi ya fara gagararsa. Saboda haka wanda ya fito daga wannan tiyata sau da yawa magidanci ne mai ƙananan yara, ko matar aure mai goyo, ko saurayin da gida ya dogara da shi. Wani an sayar da gona an kai shi Indiya ko Masar, wani an yi masa a asibitocin cikin gida, wasu da dama kuma sun amfana da cibiyar Salam da ke Khartoum, wadda ƙungiyar Emergency ta ƙasar Italiya ta buɗe a 2007 tana yin tiyatar zuciya kyauta. Ko ta wace hanya aka bi, mutum yakan dawo gida da bashi a wuyansa da kuma tambaya ɗaya: yaushe zan koma neman abinci?

Za ka koma, in Allah ya yarda. Dalilin yin tiyatar ke nan. Amma ba yadda kake jin jikinka ne zai yanke ranar ba, domin jiki yakan yi daɗi tun kafin ya warke. Abubuwa uku ne ke da ta cewa: ƙashin ƙirjin da aka raba, zuciyar da ke sabawa da sabon bawul, da jinin da ake sarrafawa da magani. Kowannensu da irin saurinsa.

Tun kana kan gadon asibiti

Shirin komawa aiki yana farawa kafin a sallame ka. Kada ka bar asibiti sai ka san takamaimai abin da aka yi maka. Gyara bawul ɗinka aka yi ko sauya shi? In sauyawa aka yi, na ƙarfe aka sa ko na tsoka, wato wanda ake yi da naman jikin saniya ko alade? Wane ne daga cikin bawul huɗu na zuciya? An buɗe ƙirji ne, ko ta ƙaramar kafa a gefen haƙarƙari aka bi, ko kuwa ta jijiyar cinya aka zura? Amsar waɗannan ita ce ginshiƙin duk wani lissafi da zai biyo baya. Wanda aka bi masa ta jijiyar cinya ba a taɓa ƙashinsa ba, yana iya komawa aiki mara nauyi cikin makonni kaɗan. Wanda aka buɗe wa ƙirji, kuma shi ne mafi yawa, nasa lissafin daban ne, kuma da shi wannan jagora ya fi magana.

Sannan ka faɗa wa likita aikinka dalla-dalla. Nan ne mutane da yawa ke yin sakaci. Likita ya ce me kake yi, ka ce “ɗan kasuwa ne ni”, shi kuma ya ɗauka zama kake yi kana ƙirga kuɗi, ya ce bayan mako 6 ka koma. Bai san kai ne ke ɗaga ƙofar shago ta ƙarfe da safe ba, kai ke sauke dilar atamfa, kai ke hawa tsani ka ciro kaya daga saman kanta. Ka zayyana masa yininka tun daga fita gida: me kake hawa, me kake ɗauka, awa nawa kake tsaye, akwai aikin dare, akwai wuƙa ko inji a aikin. Ke ma uwargida, “ba na aiki, a gida nake” ba amsa ba ce. Daka da jan ruwa a rijiya da goyo sun fi aikin ofis nauyi nesa ba kusa ba.

Ka karɓi takardunka: takardar sallama, bayanin tiyatar, katin bawul mai ɗauke da irinsa da girmansa, sakamakon hoton zuciya na eko da aka yi bayan aiki, jerin magunguna, da takardar hutun rashin lafiya mai sa hannun likita. Ka ɗauki hotonsu duka a waya, ka tura wa wani na kusa da kai. In a ƙasar waje aka yi maka, ka tabbatar tun kafin ka hau jirgi ka san likitan zuciyar da zai ci gaba da duba ka a gida da kuma inda za ka riƙa gwajin jini. Neman wannan bayan an dawo, magani ya kusa ƙarewa, wahala ce da za a iya kauce wa.

Ƙashin ƙirji: mako 6 zuwa 12

Don a kai ga zuciya, raba ƙashin tsakiyar ƙirji ake yi gida biyu, in an gama a haɗa shi a ɗaure da wayar ƙarfe mara tsatsa, wadda za ta zauna a jikinka har abada. Fatar sama takan haɗe cikin mako biyu ko uku, sai ka duba madubi ka ga tabo ya bushe, ka ce ai na warke. Ƙashin da ke ƙasa kuwa karaya ce kamar kowace karaya: yana buƙatar mako 6 zuwa 8 kafin ya kama, da kusan mako 12 kafin ya yi ƙwarin da zai ɗauki aikin ƙarfi. Mai ciwon suga, da mai ƙiba, da mai shan taba, nasu yakan fi jinkiri.

A makonni 6 zuwa 8 na farko, ƙa'idar da yawancin asibitoci ke bayarwa ita ce kada ka ɗaga, ko ka tura, ko ka ja abin da ya wuce kilo 5. Mutane ba su cika gane ƙanƙantar kilo 5 ba sai an auna musu da abin da suka sani. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Butar alwala ba komai. Ledar fiya wata mai ƙulli 20 kilo 10 ce, ta ninka iyakarka. Jarkar masu ga-ruwa mai lita 25 ta ninka ta sau biyar. Tukunyar gas mai cin kilo 12.5 in tana cike ta haura kilo 20. Yaro ɗan shekara ɗaya yana kai kilo 9 ko 10, don haka a ɗora miki shi a cinya kina zaune, kada ki sunkuya ki ɗauke shi, kada kuma ki goya shi. Buhun siminti ko na shinkafa mai kilo 50 kuwa ba ma a maganarsa.

Ba ɗaukar kaya kaɗai ke taɓa ƙashin ba. Jan igiyar janareta, tura mota ko babur, jan guga, tuƙa tuwo da muciya, matse wanki, buɗe get mai nauyi, miƙa hannu ɗaya can baya don ɗauko abu a kujerar mota, duk suna ja wa ɓangare ɗaya na ƙirji ya goga da ɗayan. In za ka ɗauki ko da ƙaramin abu ne, ka sa hannu biyu, gwiwar hannu a manne da jiki.

Tashi daga kwance ma sai an koya. Ka juya ta gefe, ka zuro ƙafafu ƙasa daga bakin gado, ka rungume ƙirjinka da hannu, ka bari nauyin ƙafafun ya taimaka ya ɗago ka. In a ƙasa kake kwana kan katifa ko tabarma, ka nemi gado ko a ɗaga katifar a wannan tsakanin, domin tashi daga ƙasa ba ya yiwuwa sai an dafa da hannu, kuma dafawar ce ake gudu. Haka ma salla: ka yi ta a zaune kan kujera har likita ya ce ƙashi ya kama, addini ya ba mara lafiya wannan sauƙin. Tari ko atishawa in sun taso, ka rungume filo a ƙirji. In ka ji ƙashin yana motsi ko yana ƙas-ƙas in ka juya, ka daina duk abin da kake yi ka koma asibiti.

Tafiya a ƙasa ita ce gwajinka

Wasu iyalai, saboda tausayi, sukan kwantar da mara lafiya a ɗaki wata uku, ko ruwan sha sai an miƙo masa. Wannan cutarwa ce da kyakkyawar niyya. Tsoka tana narkewa, huhu ba ya buɗewa, gudan jini na iya taruwa a ƙafa, zuciya kuma ba ta samun horon da take buƙata. Ka fara da tafiyar minti 5 zuwa 10, sau biyu ko uku a yini, a tsakar gida ko ƙofar gida. Duk bayan kwana biyu ko uku ka ƙara mintuna kaɗan. Abin da ake so shi ne wajen mako na 6 ka iya tafiyar minti 30 a jere ba tare da haki ba. Ma'aunin mai sauƙi ne: in kana iya hira da wanda ke rakiyarka, saurin ya yi daidai, in magana ta fara yankewa, ka rage. Ka zaɓi sanyin safiya ko bayan la'asar. In asibitinku na da sashen motsa jiki na masu ciwon zuciya, ka shiga, yana da amfani ƙwarai.

Kafin ka sa ranar komawa, ka gwada yinin aiki a gida. Ka tashi lokacin da ka saba tashi, ka yi wanka, ka shirya, ka zauna kan wani aiki na awa uku ko huɗu ba tare da kwanciya ba. In washegari ka tashi a gajiye liƙis, da sauran lokaci.

Jini da warfarin

Wannan sashen ya fi kowanne muhimmanci ga mai bawul na ƙarfe, kuma shi ne wanda komawa aiki ya fi rikitawa. Bawul na ƙarfe yana da ƙarko, yana iya kai mutum ƙarshen rayuwarsa, amma jini yana son daskarewa a kansa. Saboda haka mai shi zai sha warfarin, maganin hana daskarewar jini, kullum har abada. Mai bawul na tsoka yawanci wata 3 zuwa 6 yake sha, sai dai in yana da wata matsalar bugun zuciya, amma shi nasa bawul ɗin yakan gaji bayan shekara 10 zuwa 15, a jikin matashi ma kafin haka.

Ana auna aikin warfarin da gwajin jini mai suna INR. Ga bawul na ƙarfe a gurbin aortic, wato ƙofar da jini ke bi ya fita daga zuciya zuwa jiki, yawanci ana son adadin ya tsaya tsakanin 2.0 da 3.0, a gurbin mitral, tsakanin 2.5 da 3.5. Likitanka zai faɗa maka naka, ka haddace shi. In ya yi ƙasa, gudan jini na iya toshe bawul ko ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. In ya yi sama, jini na iya ɓallewa a ciki. Da farko gwajin kusan kowane mako ne, in adadin ya daidaita sai ya koma kamar duk mako 4. Ka sayi ƙaramin littafi ka ja layi huɗu: kwanan wata, sakamako, yawan maganin da aka ce ka sha, ranar gwaji na gaba. Littafin ya zauna a aljihunka tare da katin bawul.

Me ya haɗa wannan da aiki? Da mutum ya koma harkokinsa, ranar gwaji ce farkon abin da yake sadaukarwa. Yau kasuwa ta cika, gobe akwai mitin, jibi kuɗin lab ya shiga cefane. Ka sa ranar gwaji cikin yarjejeniyar komawarka aiki, kuɗinta kuma ka ware shi tare da kuɗin abinci. Ka tsayar da lokaci ɗaya na shan maganin, misali bayan sallar isha, lokacin kana gida. In ka manta ka tuna a ranar, ka sha. In sai washegari ka tuna, kada ka haɗa biyu, ka rubuta ka sanar da asibiti. Ka riƙa duba lambar miligiram a jikin kwalin, kada ka dogara da launin ƙwayar, domin kamfanoni sun bambanta. Kuma kada wani ya sauya maka warfarin da sababbin magungunan hana daskarewar jini irin su rivaroxaban ko dabigatran don wai ba sa buƙatar gwaji. Ba a amfani da su ga mai bawul na ƙarfe.

Abinci ma yakan canza in an koma aiki, a bar girkin gida a koma na masu sayarwa. Ganyaye irin su alayyahu, zogale da kabeji suna da sinadarin bitamin K, wanda ke rage ƙarfin warfarin. Ba a hana ka ci ba. Abin da ake so shi ne ka ci daidai yadda ka saba, kada mako guda ka yi ta cin kwaɗon zogale kullum, mako na gaba ko ganye ɗaya babu.

Haɗarin da ya fi wannan shi ne kemis da ke kusa da wurin aiki. Bayan yini na farko baya zai yi ciwo, kafaɗa za ta riƙe, abokin aiki zai ce bari a karɓo maka haɗi. A cikin haɗin nan akwai diclofenac ko ibuprofen, kuma su da warfarin suna iya fasa jini a ciki. Flagyl, Septrin, ciprofloxacin da fluconazole suna ɗaga INR sama sosai. Rifampicin na maganin tarin fuka kuma yana sauke shi ƙasa. Don ciwon jiki, paracetamol ne mafi aminci, shi ma ba a wuce ƙa'ida ba. Jiƙe-jiƙen gargajiya da magungunan ƙarin kuzari da ake talla a tasha, ka bar su, domin ba wanda zai iya faɗa maka yadda za su yi da jininka. Ƙaho, tsaga da duk wani aikin wanzami mai fitar da jini, ka yi sallama da su.

Magana da wurin aiki

Ma'aikacin albashi ya fara tuntuɓar shugabansa ko sashen kula da ma'aikata kamar mako biyu kafin ranar da yake sa rai. A Najeriya, sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaci kwana 12 ne kacal na hutun rashin lafiya da albashi a shekara, bisa shaidar likita. Wannan ba ya ko kusa da abin da tiyatar zuciya ke buƙata, don haka sauran ya dogara ga takardar ɗaukarka aiki, da dokokin ma'aikatarku, da fahimtar juna. Ma'aikatan gwamnati suna da nasu ƙa'idojin, kuma jinya mai tsawo takan kai ga kwamitin likitoci. Ka karanta abin da ya shafe ka, ka tambayi ƙungiyarku ta ƙwadago, ka duba ko za a haɗa maka da hutunka na shekara.

Ka roƙi likita ya rubuta takarda mai bayani ƙarara: ranar da za ka iya komawa, awa nawa a yini, nauyin da ba za ka wuce ba da kuma har yaushe, babu aikin dare na wani lokaci, da ranakun asibiti. Takarda mai cewa “ya samu sauƙi” kawai ba ta kare ka daga komai. Abin da kuka amince da shugaba, a rubuta shi, ko da a saƙon waya ne, domin shugabanni suna canzawa.

Tsarin da na fi ganin dacewarsa shi ne mako biyu na farko rabin yini, kwana uku a mako, da hutu a tsakani, misali Litinin, Laraba da Juma'a. Mako biyu na gaba rabin yini kullum. Daga nan a ƙara awanni har a kai cikakken yini cikin wata ɗaya ko ɗaya da rabi. In wani mataki ya yi maka nauyi, ka koma na bayansa mako guda. Sannu ba ta hana zuwa.

Ba dole ne kowa a ofis ya san sirrin jinyarka ba, amma mutum ɗaya ko biyu da kuke zama tare su san kana shan maganin hana daskarewar jini, su san inda katinka yake da lambar da za su kira.

Mai sana'ar kansa ba shi da takardar da zai miƙa wa kowa, kuma shi ya fi shiga matsi, tunda ranar da bai fita ba babu na cefane. Shawarata gare shi ita ce ya raba sana'arsa gida biyu, aikin kai da aikin ƙarfi. Ciniki, lissafi, karɓar kuɗi, kiran abokan hulɗa, sa ido, duk waɗannan zai iya komawa kansu daga mako na 6. Ɗauka da saukewa kuwa a ɗauki yaro ko a jawo ƙane, ko da ribar za ta ragu na wata biyu. Kuɗin yaron shago na wata biyu bai kai kuɗin kwana ɗaya na sake buɗe ƙirji ba. Masu bin ka bashi kuma ka same su da kanka ka faɗa musu watan da za ka fara biya, kada nauyin ido ya fitar da kai kasuwa kafin lokaci.

Hanyar zuwa

Sau da yawa hanyar ta fi aikin kansa wahala. Tuƙin mota sai bayan mako 4 zuwa 6, kuma sai likita ya amince, domin juya sitiyari da taka birki na gaggawa suna jan ƙirji, magungunan ciwo kuma suna rage hanzari. A Ingila, dokar lasisi ta hana mai ƙaramar mota tuƙi na aƙalla mako 4 bayan tiyatar bawul, direban bas ko babbar mota kuma aƙalla wata 3. Direban haya na doguwar hanya ya ɗauki wannan na biyun a matsayin mafi ƙarancin abin da zai jira, don ba ransa kaɗai ya ɗauko ba.

In fasinja ne kai, ka ɗaura bel, ka sa ƙaramin filo ko naɗaɗɗen tawul tsakaninsa da tabon. A Adaidaita Sahu ka guji zaman gefen direba da riƙe ƙarfen sama da hannu ɗaya a hanya mai ramuka. In da hali, ka biya kuɗin kujera biyu a makonnin farko. Babur kuwa, ko kai ke tuƙi ko goya ka aka yi, ka bar shi har wata 3. Mai shan warfarin ya sani cewa faɗuwar da wani zai tashi ya kakkaɓe riga, shi tana iya tara masa jini a ƙwaƙwalwa. In babu makawa sai babur, to hular kwano dole ce kullum. Ɗan acaba mai bawul na ƙarfe, gaskiya ita ce ya fara tunanin wata sana'ar.

Kowace sana'a da lokacinta

Aikin zama, kamar na ofis, banki, ko shagon waya, yawanci mako 6 zuwa 8. Ka riƙa tashi kana ɗan zagayawa duk bayan awa ɗaya. Malamin makaranta ma kusan haka ne, sai dai tsayuwa da ɗaga murya da rubutu a saman allo suna gajiyarwa fiye da yadda ake zato. A rage masa darussa a zangon farko. Tela zai iya komawa kan keke wajen mako na 8, amma kada ya ɗaga kan keken.

Birkila, ɗan dako, mai ga-ruwa, bakanike, kafinta da manomi, ba maganar komawa kafin wata 3, kuma sai an sake hoton eko likita ya ga ƙarfin zuciyar. Wanda zuciyarsa ta riga ta raunana kafin tiyata, mai yiwuwa ba zai koma ɗaukar buhu ba ko bayan shekara, kuma gara a faɗa masa da wuri ya nemi mafita. Manomi ya yi lissafi da damina: in an yi masa aiki a watan Afrilu, huɗa da noman farko na bana ba nasa ba ne, ya sa 'yan ƙwadago ko a yi masa gayya, shi ya tsaya a inuwa yana duba aiki. Mahauci, kafinta da duk mai aiki da kaifi, in yana shan warfarin, ya ajiye bandeji mai tsabta a kusa. In ya yanke, ya danne wurin da ƙarfi minti 10 ba tare da ɗagawa yana leƙawa ba, in bai tsaya ba sai asibiti. Hawa rufin gini ko turken lantarki ba ya tafiya da warfarin. Wanda aka sa wa batirin daidaita bugun zuciya bayan tiyata, kada ya koma walda ko aiki kusa da manyan injinan lantarki sai ya tambayi likitansa, kuma kada ya sa waya a aljihun gaba na ɓangaren da batirin yake.

Makonnin farko a bakin aiki

Gajiya za ta zo, musamman bayan azahar. Wasu kuma sukan ga mantuwa ta yi musu yawa, lissafin da suke yi da ka yanzu sai da biro. Wannan sananne ne bayan tiyatar zuciya, kuma yawanci yana washewa cikin watanni. Ka riƙa rubuta abubuwa, ka sa aiki mai buƙatar natsuwa da safe, kada ka sa hannu a babbar harkar kuɗi kana gajiye. Ƙuncin rai, saurin fushi, rashin barci da tsoron cewa zuciyar za ta tsaya, su ma suna faruwa ga mutane da yawa, maza da mata. Ba raunin imani ba ne. In sun wuce mako biyu suna hana ka sukuni, ka faɗa wa likita, akwai taimako. Ƙarar bawul na ƙarfe, wadda ake ji cak-cak in wuri ya yi shiru, alama ce ta yana aiki, kuma kunne yakan saba.

In kana shan Lasix ko wani maganin rage ruwa, ka sha da sassafe, ka san inda banɗaki yake a wurin aiki. A zafin bazara, Maris zuwa Mayu, ka tambayi likita yawan ruwan da ya dace ka sha, ka kauce wa ranar tsaka. Azumi kuma, na watan Ramadan ko na nafila, kada ka ɗauka sai kun zauna da likita, domin canjin lokacin cin abinci yana iya motsa INR. Matar da ke shan warfarin kuma take son haihuwa ta yi magana da likitan zuciya kafin ta ɗauki ciki, domin maganin yana iya cutar da ɗan tayi a watannin farko, dainawa da kai kuma yana iya toshe bawul.

Zazzaɓi, da sauran abin da ba a jira da shi

A wajenmu duk zazzaɓi maleriya ne ko taifot har sai an ga akasin haka, kuma mai aiki ba ya son ɓata yini a layin asibiti. Ga wanda aka sauya wa bawul, wannan ɗabi'a tana iya kashewa. Ƙwayoyin cuta suna iya maƙalewa a bawul su ci shi, alamarsu ta farko kuma zazzaɓi ne mai tafiya yana dawowa, da gumin dare, da kasala, da rama. In zafin jiki ya kai 38, ka je asibiti, ka ce kana da bawul, ka nemi a ɗebi jini a yi gwajin shuka ƙwayoyin cuta kafin a ba ka kowane maganin kashe ƙwayoyin cuta. In ka riga ka sha na kemis, gwajin na iya fitowa babu komai alhali cutar tana nan.

Ka ajiye aiki ka tafi asibiti a ranar in tabon ya yi ja, ya kumbura ko yana fitar da ruwa ko mugunya; in numfashi ya fara gagara ko ba ka iya kwanciya sai da filo da yawa; in ƙafafu sun kumbura ko nauyinka ya ƙaru da kilo 2 cikin mako guda; in zuciya tana bugawa da sauri ba tsari, abin da kan sami kusan mutum ɗaya cikin uku a farkon makonni; in haɓo ko jinin dasashi ya ƙi tsayawa, ko fitsari ya yi ja, ko bayan gida ya yi baƙi ƙirin. In baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta sarƙe, ko ka suma, ko ka bugu a ka, ko ƙarar bawul ta dushe tare da haki, wannan na gaggawa ne, a ɗauke ka nan take.

Wanda ciwon maƙogwaron yarinta ne asalin matsalarsa, tiyata ba ta ɗauke masa allurar benzathine penicillin ta duk mako 3 ko 4 ba, domin zazzaɓin na iya dawowa ya taɓa sauran bawul ɗin. Ka tambayi likita har zuwa wace shekara za ka ci gaba, kuma in kana shan warfarin ko zai mayar maka da ita ƙwayar sha. Ka kula da haƙoranka da buroshi mai laushi safe da dare, tunda ta baki ƙwayoyin cutar suka fi shiga jini. In za a cire maka haƙori ko a wanke dasashi, likitan haƙori na asibiti ne zai yi, bayan ya ga katinka da INR na kwanan nan, kuma akan ba da amoxicillin kamar awa ɗaya kafin a fara. Ranar ganin likitan zuciya ta gaba da ranar hoton eko, ka sa su a kalandar wurin aiki tun yau, ka sanar da shugabanka ko yaron shagonka cewa ranakun nan ba ka nan.